Yadda Ake Gano Matsalar Wuta Tsakanin Mota da Abin da Take Ja

A Magazin ta Suame, unguwar makanikai da ke nan Kumasi, da wuya mako ya fita ba a shigo mini da mota mai jan wani abu a baya ba, direba yana cewa, "Masta, wutar baya ta haukace." Yau akori-kura ce mai jan tirelar janareto, gobe kan tirela da zai kama hanyar Tamale da daddare. Jefi-jefi kuma sai ga baƙi 'yan yawon duniya da motar nan mai ɗaki a ciki, wadda ake kwana a yi girki a cikinta, ta ɗauro ƙaramar mota ko tirelar babur a baya. Motocin sun bambanta, amma tafiyar wutar iri ɗaya ce. Tana tashi daga motar gaba, ta bi ta soket da filogi, ta kunna ƙwan fitila a baya, sannan ta koma batir. Inda duk ta maƙale a wannan tafiya, nan za ka nema.

Abin da ke ɓata wa sabon yaron shago lokaci shi ne gaggawar yanka waya. Ajiye reza tukuna. Yawancin motocin da suka zo hannuna, laifin bai wuce wurare uku ba: at (hanyar komawar wuta batir), bakin filogi, ko fiyus, kuma babu wanda ke buƙatar yanka a cikinsu.

Kayan aiki

Na farko shi ne testa mai ƙwai. Haɗa abinka da kanka: ƙwan tirafiketa mai wat 21, mazauninsa, da waya biyu, ɗaya da ɗan maƙali a baki, ɗaya da ƙusa mai tsini. Testan LED da ake sayarwa yana da kyau a ido, sai dai ko siririn gashin waya ɗaya ne ya rage bai tsinke ba zai kama fes, ya ce maka lafiya lau. Ƙwai mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75 a volt 12, don haka wayar da ta gaji ba za ta iya ɓoye gajiyarta a gabansa ba. Idan babbar mota ce mai volt 24, ƙwan testan ma ya zama na 24.

Sai mita, ko da ƙaramar ce, muddin tana auna volt kuma tana da wurin gwada dayod (ɗan abin da ke barin wuta ta wuce gefe ɗaya kawai). Sai doguwar waya kamar mita 10 mai maƙali a kowane baki, da batir na gefe mai caji, da fiyus mai amfiya 10 a cikin mazauninsa. Ka tanadi sukundireba siriri, filaya, sanfefa mai laushi, ƙaramar wuƙa, giris, dalma da ƙarfen narka ta, salatif, da ƙwayaye da fiyus na canji.

Kana kuma buƙatar mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba yana taka birki yana kunna tirafiketa. In babu kowa, tokare fedar birki da sanda tsakaninta da kujera, ko ka jingina wayarka a baya tana ɗaukar bidiyo, ka je ka danna komai, ka dawo ka kalla.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

At shi ne hanyar komawar wuta zuwa kan batir na negatif. A mota, ƙarfen jikinta ne ke wannan aiki. Tirela kuwa jiki ne dabam, dole sai an ba ta wayar at ta cikin filogi, kuma kusan ko'ina farar waya ce.

Abu na biyu shi ne asalin motar da asalin tirelar. Motocin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema daga Amurka da Kanada suke, daga Turai, daga Japan da Koriya, kuma kowa da tsarinsa. Motocin Turai da yawancin na Asiya suna raba aiki: jan ƙwai na birki dabam, na tirafiketa mai ruwan lemu dabam. Motocin Amurka da dama, musamman akori-kura, ƙwai ɗaya ne ja yake yin birki yake yin tirafiketa. Filoginsu ma haka ya bambanta.

Filogin Amurka mai baki 4 a jere: fari at, ruwan ƙasa fitilar fakin (ƙaramar fitilar da ake bari a kunne da dare), rawaya hagu, kore dama. Rawayan da koren kowannensu yana ɗauke da birki da tirafiketa tare.

Filogin Turai mai baki 7, wanda ake kira 12N: 1 rawaya tirafiketar hagu, 2 shuɗi fitilar hazo, 3 fari at, 4 kore tirafiketar dama, 5 ruwan ƙasa fakin na dama, 6 ja birki, 7 baƙi fakin na hagu, shi ne na tsakiya. Mai baki 13 yana bin wannan jeri daga 1 zuwa 7, sannan 8 ribas ne, 9 wuta kai-tsaye daga batir, 10 wutar da ke zuwa in an murɗa makulli, 11 da 13 kuma at ne na waɗannan biyun.

Manyan motoci masu volt 24 suna da nasu mai baki 7, wato 24N, kuma a wurinsu lamba 1 ce at, birki yana 4. Wanda ya haddace jerin 12N ya ɗora shi a kan 24N zai sha mamaki.

Lambobin suna nan a rubuce a bayan filogi, kusa da inda waya ke shiga. Bi lamba, kada ka bi launi. Wayar da ta yi shekaru a Ghana ta bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa da irin wayar da ya samu a ranar ya ɗaura.

1. Tsayar da mota, ka fara da fitilun ita kanta motar

Ja birkin hannu, sa dutse ko katako a gindin taya, ta mota da ta tirela. Zare filogi. Yanzu duba fitilun motar gaba ita kaɗai: fakin, birki, hagu, dama, ribas. Idan nata ma ba sa aiki, tirela ba ta da laifi, gyaran mota ne ya same ka. Auna batir. A kashe ya kamata ka ga kusan volt 12.6, in inji na aiki tsakanin 13.8 da 14.4.

2. Ka tambayi direba, ka kuma kalli yadda ciwon yake

Mayar da filogi, ka tsaya a baya ka sa a gwada kowace fitila ɗaya bayan ɗaya, sannan biyu a tare: fakin a kunne a taka birki, fakin a kunne a sa tirafiketa. Da yawa daga cikin matsalolin ba sa fitowa sai an haɗa biyu. Idan komai ya mutu ɗif, at ne ko filogi bai zauna ba. Idan abu ɗaya ne ya mutu a gefe biyu, kamar birki, fiyus ne ko bakin filogi ɗaya. Idan fitila ɗaya ce a gefe ɗaya, ƙwai ne ko mazauninsa. Idan kuwa fitilu suna shiga aikin juna, ka sa tirafiketa fakin ya riƙa lumshewa, ka taka birki komai ya dushe, to je ka mataki na 5 kai-tsaye.

Tambayi direba yaushe abin ya fara. "Tun da aka wanke motar" amsa ce. "Sai na shiga gargada" amsa ce. "Wani yaro ya ɗan taɓa mini a Techiman" ita ce babbar amsa, don ta gaya maka akwai sabon ɗauri da za ka nema.

3. Gwada soket ɗin mota shi kaɗai

Zare filogi kuma. Maƙala bakin testa a ramin at na soket ɗin, ka riƙa taɓa sauran da ƙusar yayin da abokin aikinka ke kunna kowane abu. Ƙwan ya kama da haske sosai, na tirafiketa ya riƙa ƙiftawa. Idan babu wanda ya kama ko ɗaya, ɗauke maƙalin daga ramin at ka kai shi kan tsabtataccen ƙarfen shasi. In ya kama yanzu, wayar at ta soket ce ta tsinke ko ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta.

Idan baki ɗaya ne babu wuta, nufi akwatin fiyus. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, su ce ai fitilar motar tana kamawa, fiyus lafiya yake. Akori-kurar Amurka da yawa suna da fiyus da rile (makunnin da wuta ke kunna shi) na tirela dabam a akwatin da ke ƙarƙashin bonet, wani lokaci hagu nasa dabam dama nasa dabam. Duba zanen da ke cikin murfin akwatin. Kada ka gwada fiyus da ido, taɓa ƙananan kunnuwansa biyu na sama da testa, dole wuta ta fito a duka biyun.

Gargaɗi game da sababbin motoci. Wasunsu kwamfuta ce ke raba wa fitilu wuta, kuma akwatin tirelarsu ba ya sakin wuta sai ya ji an ɗora masa nauyi. Mita za ta nuna maka sifiri ko lambobi masu tsalle, ka ɗauka ya mutu alhali jira yake. Ƙwai mai wat 21 yakan tashe shi. Amma testan nan mai jan wuta iyakarsa bakin soket da fiyus. Kada ka riƙa soka shi cikin siraran wayoyin da ba ka san inda suka nufa ba, musamman masu rigar rawaya na jakar iska.

4. Gwada tirelar ita kaɗai

Wannan shi ne matakin da ke raba gardama, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ajiye batir na gefe kusa da filogin tirela. Negatif ya tafi bakin at. Fozitif ya bi ta fiyus mai amfiya 10, sannan ka riƙa taɓa sauran bakunan ɗaya-ɗaya kana kallon abin da ya kama. Rubuta a takarda: lamba kaza ta kunna fitila kaza. Sau da yawa a nan za ka gane wani ya juya hagu da dama, ko ya kai birki inda fakin yake.

Kada tirelar ta kasance a rataye a jikin mota lokacin wannan gwaji. Dalilin yana mataki na gaba.

In ba ka da batir na gefe, jawo wuta daga batirin motar da doguwar wayarka, amma fiyus ɗin ya zauna kusa da kan batir. Waya mai mita 10 ba fiyus, in ta taɓa ƙarfe, kafin ka ruga ka cire ta narke.

5. At

Nan zan daɗe, domin nan ne rabin aikin yake.

Ƙwan baya mai zare biyu, wanda aka rubuta wa 21/5, yana da zaren birki mai wat 21 da zaren fakin mai wat 5, kuma jikinsa na ƙarfe ne at ɗinsu su biyu. Idan at ya yanke, wutar da ta shiga ta zaren birki ba ta da hanyar komawa, sai ta juya ta fita ta zaren fakin, ta bi wayar fakin ta je ta sami at a wata fitila can wani gefe. Shi ya sa za ka sa tirafiketar hagu ka ga fitilar dama tana ƙyafta ido a raunane, ko ka kunna fakin ka taka birki fitilar ta mutu gaba ɗaya. Direba zai rantse maka wayoyi ne suka haɗe. Ba su haɗe ba, hanyar komawa ce ta toshe.

Akwai kuma at na ƙarya. Idan farar waya ta tsinke, tirela takan ari at ta ƙarfen da aka rataye ta a jikin mota. A tsaye a shago komai zai kama. Da an hau hanya ƙarfen ya fara motsi cikin giris da ƙura, sai fitilu su riƙa ɗaukewa suna dawowa. Wani dattijo mai jan tirelar buhunan masara ya zo mini sau biyu da wannan kuka. Zuwan farko na gwada a rataye, komai fes, na sallame shi. Washegari ya dawo ransa a ɓace, ya ce, "Masta, ko dai motar tsoronka take ji?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a kwance mana ita." Muna ɗaga tirelar daga ƙugiya, filogi na ciki, duk fitilu suka mutu. Da na buɗe filogin, farar wayar tana lilo, bakinta ya yi kore shar, ko gashi ɗaya bai rage a jikin sukurun ba. Laifina ne, kuma tun ranar ban sake gwada tirela a rataye kaɗai ba.

Gwajin at mai sauƙi: maƙala doguwar waya a negatif na batirin mota, ka kai ɗaya bakin ka taɓa ƙarfen mazaunin ƙwan da ke wasa. In haske ya miƙe nan take, ka kama ɓarawo. In kana son lamba, sa mita a volt 20, baƙin tsinke a doguwar wayar, ja a jikin mazaunin ƙwan, fitila tana kunne. Abin da ya haura rabin volt asara ce. Ka riƙa matsowa da jan tsinken, daga mazauni zuwa shasin tirela, zuwa bakin filogi, zuwa shasin mota. Inda lambar ta faɗi, tsakanin nan da wurin da ka baro ne ciwon yake.

Gyaransa: kwance sukurun at, goge ƙarfen da sanfefa har ya yi fari, sa sabon kan waya mai zobe, ɗaure tam, sannan ka shafe da giris. Kada ka ɗaura at a kan fenti, kuma kada ka dogara da hinjin ƙofar baya ko bodin da ke ɗagawa. Ni dai a kowace tirela nakan ja farar waya tun daga filogi har kowace fitila, mai kaurin 2.5 mm², tunda ita kaɗai ke kwaso wutar sauran duka. Sauran wayoyin 1.5 ya ishe su.

6. Filogi da soket

Kumasi gari ne na ruwan sama, ga jar ƙasa, ga ƙurar hunturu. In ukun nan suka taru a cikin soket sai su zama taɓo mai ɗaukar wuta daga wannan baki zuwa wancan. Cire fiyus na wutar kai-tsaye in soket ɗin yana da ita, sannan ka wanke, ka busar, ka naɗe sanfefa siriri ka goge cikin kowane rami. Bakunan 12N a tsage suke, kuma da tsufa sukan tsuke su daina kama rami. Sa bakin wuƙa a tsagar ka ɗan buɗa kaɗan. Kaɗan na ce, in ka matsa sai ya karye.

Buɗe bayan filogin ka ja kowace waya da yatsa. Duba ko akwai gashin waya ɗaya da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa. Duba maƙogwaron filogin, inda kebul ke shiga, ko yana riƙe da rigar kebul ɗin. In bai riƙe ba, duk jan da aka yi a kan sukurori yake sauka. Idan murfin soket ya rasa sifirin ɗinsa, canja soket ɗin, don murfin ne ke hana filogi zamewa. Naɗe shi da leda da salatif ruwa kawai yake tarawa.

Tsawon kebul ma a duba. Ya isa a karya kwana har ƙarshe ba tare da ya miƙe ba, kuma kada ya riƙa sharar kwalta.

7. Ƙwayaye

Zare kowane ƙwai ka karanta jikinsa. Na volt 24 a tsarin 12 zai kama kamar aci-balbal, na 12 a tsarin 24 zai yi walƙiya ɗaya ya ƙone. Ƙwai mai zare biyu kunnuwansa ba a daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga gindi, don kada ya shiga a juye. Amma mai ƙarfi yakan tura shi a haka, sai fakin ya riƙa haske kamar birki, birki kuma ba a ganinsa.

Mafi ban haushi shi ne ƙwai mai gindi ɗaya da aka cusa a mazauni mai gindi biyu. Gindin nan ɗaya sai ya haɗe birki da fakin. Alamarsa ba ta ɓuya: ka taka birki da rana tsaka, fitilun dashbod da fakin na gaba su kama. Na ga an kwance rabin wayoyin mota ana neman abin da ƙwai ɗaya ya haddasa.

8. In fiyus yana ta ƙonewa

Kada ka ƙara masa girma, kada ka naɗa masa takardar sigari ko gashin waya. Cire fiyus ɗin, ka sa wayoyin testanka biyu a ramukansa, ka kunna layin. In akwai shot, wato waya mai wuta ta taɓa ƙarfe ko at, ƙwan zai kama da cikakken haske. Yanzu zare filogin tirela. In hasken ya ragu ko ya mutu, shot ɗin yana tirela. Mayar da filogi, ka bi kebul kana girgiza shi taƙi bayan taƙi, wani yana kallon ƙwan. Ka fi mai da hankali inda waya ta ratsa ramin ƙarfe ba roba, inda aka yi walda kusa da ita, da inda kaya ke danne ta.

In fiyus bai ƙone nan take ba sai an yi tafiya, lissafa nauyin. Tara wat na duk ƙwayayen da ke layin ka raba da 12. Masu tirela suna son jera fitilun ado a gefe, kowanne wat 5, kuma in sun kai goma sha biyu amfiya 5 ke nan aka ƙara wa layin da ba a yi shi don haka ba. Maganinsa rile mai ɗebo wuta daga batir ta nasa fiyus, ko a koma LED.

9. In mota da tirela ba ƙasarsu ɗaya ba

Mota mai raba birki da tirafiketa, tirela 'yar Amurka mai waya 4: ana buƙatar ɗan akwatin da ke karɓar birki, hagu da dama, ya fitar da waya biyu. Masu kayan wuta a Magazin da Abossey Okai a Accra ne wurin tambaya, ka kuma ce musu daga uku zuwa biyu kake so, don akwai mai yin akasin haka. Wanda ya murɗe wayar birki da na tirafiketa wuri ɗaya da hannu ya haɗe hagu da dama ke nan, duk inda ya sa sigina fitilu huɗu za su amsa. In akwatin bai samu ba, ƙara wa tirelar fitila mai ruwan lemu a kowane gefe, ka ja sababbin wayoyi, ka koma filogi mai baki 7. Wannan ya fi akwatin daɗewa ma.

Mota 'yar Amurka, tirela 'yar Turai: akwatin daga biyu zuwa uku ake nema. Kafin a samu, kai rawaya zuwa zaren birkin hagu, kore zuwa zaren birkin dama, bayan ka raba wayar da ta haɗa birkin biyu. Jan ƙwan zai yi aiki biyu, masu ruwan lemun su huta.

Idan akwatin yana nan amma kana zarginsa, gwada wuta a shigarsa da fitarsa. Ta shiga ba ta fita ba, duba at ɗinsa da fiyus ɗin wayar da ta zo masa daga batir kafin ka yanke masa hukunci.

In tirafiketa ta koma ƙiftawa da sauri, ko dai ƙwai ya ƙone ko an sa LED wanda falasha, wato abin da ke sa tirafiketa ƙiftawa, ba ta jin nauyinsa. Ƙa'ida tsakanin 60 da 120 ne a minti. A tsohuwar mota canja falasha zuwa mai karɓar LED. In ba ta canzuwa, ana sa resista mai om 6 wat 50 a kowane gefe don ta ƙara wa layin nauyi, a ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da roba, don zafi take yi sosai.

10. In mota ce ake ja a kan tayoyinta

A Amurka an saba ganin mota mai ɗaki tana jan ƙaramar mota a baya, fitilun ƙaramar suna amsa umarnin babbar. Wasu motocin da ake shigo mana da su suna zuwa da ragowar wannan haɗi, ka ga soket a gaban mota kusa da lamba ka rasa na mene ne. Sirrin haɗin dayod ne. Ana yanke wayar da ke zuwa fitilar baya, a sa dayod mai shiga biyu fita ɗaya: shiga ɗaya daga ita ƙaramar motar, ɗaya daga babbar, fitar kuma zuwa ƙwai. Dayod ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya, tana hana wutar babbar mota komawa cikin wayoyi da kwamfutar ƙaramar.

Gwada ta da mita a alamar dayod, bayan ka cire wayoyinta. Gefe ɗaya za ka ga kusan 0.5 zuwa 0.7, in ka juya tsinkayen ba za ta nuna komai ba. Ta nuna ta gefe biyu, ta haɗe, kuma ita ce ke sa wuta komawa baya. Ba ta nuna ta ko'ina ba, ta yanke. In za ka haɗa da kanka, nemi mai amfiya 6, biyu ga kowace fitila, gefen da ke da zobe ya kalli ƙwai. Dayod tana cin kusan volt 0.7, saboda haka in at ma yana da rauni hasken zai yi ƙasa sosai. Ja wayar at tsakanin motocin biyu, kada ka bar wa sandar ja.

Ga janwe na kwana ɗaya kuwa, ban ga dalilin taɓa wayoyin motar mutane ba. Sami katako mai faɗin motar, ɗaura masa fitila biyu da kebul mai tsawo da filogi, ka ɗaure shi a bayan motar da ake ja. Akwai kuma fitilu masu maganaɗisu da ake ɗorawa a kan but. In motar gaba mai volt 24 ce, wannan ce kaɗai hanyar da zan yarda da ita, da ƙwayayen 24 ko LED da aka rubuta wa 12 zuwa 24. Ka kuma tuna makullin da aka bari a murɗe don sitiyari ya saki yana iya shanye batirin ƙaramar motar kafin a kai Kintampo. Batun ko giyarta ta yarda a ja ta a ƙasa, wannan a duba littafin motar, musamman in otomatik ce.

11. Ɗauri da gwajin ƙarshe

Duk inda ka yanka, fere wayar har sai ka ga jan ƙarfe mai sheƙi. In ya yi baƙi, ci gaba da yankewa baya, dalma ba ta kama baƙar waya. Kankare gashi ɗaya da wuƙa kuma: in cikinsa fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma a ƙarƙashin tirela ba zai yi damina biyu ba. Murɗe, narka dalma, rufe da robar da ke tsukewa da zafi, in babu ka yi salatif hawa uku. Kada ɗauri ya zauna inda ruwa ke kwanciya ko inda kebul ke lanƙwasa.

Sannan ka maimaita gwajin mataki na 2 gaba ɗaya, da inji a kunne, sau ɗaya tirela a kwance filogi a ciki, sau ɗaya a rataye. Kunna fakin, taka birki, sa tirafiketa biyu a tare, ka kama kebul ka girgiza shi da ƙarfi a bakin filogi. Kada ka manta da fitilar lamba, ita 'yan sandan hanya ke fara hangowa, kuma ana duba ta a gwajin lafiyar mota na DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana. Bar fitilun a kunne minti 10, ka bi filogi da fiyus da kowane ɗauri da bayan hannu. Wanda ya yi ɗumi bai ɗauru ba, sake shi kafin direba ya tayar.